Yadda Dawaki Biyu Suka Zama Gidan Kimiyyar Kano

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sabuwar gwamnati ta tarar da giɓi babba a asibitoci da ma'aikatar ayyuka. Rikicin 1966 ya sa ma'aikata 'yan Kudu da dama sun koma gida, likita da injiniya kuwa sau da yawa sai an ɗauko su daga ƙasashen waje. Makarantun sakandare suna yaye yara, amma ƙalilan ne ke cin darussan kimiyya har su sami gurbin likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello.

A 1977, zamanin mulkin Gwamna Sani Bello, aka kafa hukumar makarantun kimiyya mai cin gashin kanta. Maimakon a yi sabon gini a birni, sai aka ɗauki sakandare biyu na ƙananan garuruwa, ta Dawakin Kudu da ta Dawakin Tofa, aka mayar da su makarantun kwana na kimiyya zalla. Hukumar ce ke ɗaukar malamanta, ita ke sayen kayan ɗakin gwaji. A wancan lokacin, yaro ba ya shiga sai ya ci jarrabawar tantancewa bayan ya gama aji biyu a wata sakandaren, sannan ya yi shekara uku. Rukunin farko ya fita a 1980.

Wannan tsari ya sauya fuskar ɗaliban gaba ɗaya. Ɗan Dawaki ba shi da tabbacin kujera a makarantar garinsu. Ɗan manomi daga Haɗeja ko Rano ya riƙa zama benci ɗaya da ɗan ma'aikaci daga cikin birni. Tun farko wasu jami'an ilimi suka yi ƙorafin cewa ana tsince masu ƙwazo, ana barin sauran makarantu da ragowa. 'Yan mata kuwa sai 1981 aka buɗe musu tasu a Taura, wadda ta faɗa Jigawa da aka raba jihar a 1991.

Likitoci da injiniyoyin da Dawaki biyu suka yaye sun bazu a asibitoci da jami'o'in Arewa. Sai dai mai son kwatanta sakamakonsu da na makarantar je-ka-ka-dawo ta maƙwabta, ya fara tambayar wa aka ɗauka, da kuma nawa aka kashe wa kowane yaro.