Ganɗoki Ko Ruwan Bagaja: Wanne Za Mu Fara Saya?

Sau da yawa matashin marubuci kan tsaya gaban mai sayar da littattafai a Babbar Kasuwar Kaduna, kuɗinsa na littafi ɗaya ne, ga Ruwan Bagaja ga Ganɗoki. To, wanne zai ɗauka?

Littattafan nan biyu gida ɗaya suka fito. A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai. Malam Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, ƙanensa Abubakar Imam kuma ya shiga da Ruwan Bagaja.

Imam ya ba mu raha da zaƙin harshe, musamman a karon Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Shi kuwa Malam Bello tarihi ya ɗauko. Jaruminsa ya yi yaƙi da Turawa a zamanin Nagwamatse, lokacin da Kwantagora ta faɗi a 1901, kafin labarin ya shiga duniyar aljannu.

Mu da ke zaune a garin da Turawa suka mayar hedikwatar Arewa a 1917, kullum muna wuce Zauren Lugga, ya kamata mu ji labarin daga bakin waɗanda aka ci da yaƙi. Saboda haka shawararmu ita ce a fara sayen Ganɗoki. Ruwan Bagaja ba ya wuyar aro, amma wanda ya ara, ya daure ya mayar.