Daga Kano Zuwa Khartum: Tarihin Tazara Ta Sararin Samaniya

Idan aka auna miƙaƙƙiyar hanya ta sama daga Kano zuwa Khartum, babban birnin Sudan, za a sami kimanin kilomita 2,600. Jirgin fasinja na zamani zai cinye wannan tazara cikin ƙasa da awa huɗu. Amma adadin kilomita bai isa ya bayyana nisan da ke tsakanin biranen biyu ba, domin a kowane zamani akwai abin da ke tsawaita tafiyar ko ya gajarta ta.

Kafin zuwan jirgin sama, wannan hanya ta mahajjata ce. Ayari kan tashi daga ƙasar Hausa ya bi ta Borno da Wadai da Darfur da Kordofan, har ya isa Kogin Nilu, daga nan ya nufi Sawakin a gaɓar Bahar Maliya. Mai niyya kan yi shekaru a hanya, yana tsayawa ya yi noma ko ƙodago don ya sami guzuri. Da yawa ba su komo ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar.

Da jirgin sama ya zo, sawun waɗannan matafiya ya bi. A ƙarshen Oktoba 1925 jiragen sojan Ingila guda uku, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka taso daga Masar ta Sudan, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano, yana yada zango a Al-Ubayyid da Al-Fashir da Al-Junaina da Abeshe da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, sannan Maiduguri. Jiragen wancan lokaci ba sa iya ɗaukar man da zai kai su a tashi ɗaya, saboda haka sai suka dogara da garuruwan da fatake da alhazai suka riga suka raya. Tafiyar shekaru ta koma ta kwanaki.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa hanyar daraja. Da Bahar Rum ta zama mai haɗari a 1940, sai Ingila ta riƙa kai jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Khartum zuwa Alƙahira. Abin da ya sauƙaƙa haka shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya goyi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta na wannan shekara. Dubban jirage suka bi ta nan.

A Afrilu 2023 yaƙi ya rufe filin jirgin saman Khartum. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a can sai a motocin safa aka kwashe su, wasu zuwa iyakar Masar, wasu zuwa Port Sudan, kafin su sami jirgin da zai dawo da su gida. Tafiyar da ba ta kai awa huɗu ba ta sake zama ta kwanaki, alhali ko kilomita ɗaya bai ƙaru a kan taswira ba.