Kududdufai da Kogin Jakara: Ma'ajiyar Ruwan da ke Kare Kasuwar Kurmi

Kududdufi rami ne da ya samu daga haƙar ƙasar gina gidaje da ganuwa. A tsohon birnin Kano, kududdufai ne ma'ajiyar ruwan damina: sukan riƙe ruwan da ya sauka lokaci guda, musamman a watan Agusta, har ya tsane sannu a hankali.

Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa, tana gaɓar Kogin Jakara. Nan ne ruwan unguwannin birni ke tattaruwa kafin ya gangara zuwa madatsar Wasai da ke Ƙaramar Hukumar Minjibir. Duk kududdufin da aka cike da shara ko aka yi gini a kansa, ruwansa kan koma lunguna da kwatami, ya ƙara wa Jakara nauyi.

A wa'adinsa na biyu (2011–2015), Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya fara aikin rufe kogin da shimfiɗa titi a kansa. Sai dai magudanar kankare hanzarta ruwa take yi, ba ta ajiye shi. Ambaliyar da ta lalata kayan 'yan kasuwar Kantin Kwari a 2022 ta nuna abin da toshe hanyar ruwa ke jawowa.

Inganta ma'ajiyar na nufin yashe kududdufan da suka rage, da gyara mafitarsu, da hana rabon filayensu. Na ƙarshen yana hannun masu ba da izinin gini.