Yaƙin 1899 a Allon Silima: Da Wane Harshe Sarauniya Take Magana?

A cikin wannan ɗan bincike muna so mu duba finafinai uku da aka yi a kan abin da ya auku a ƙasar Ƙonni da ƙasar Arewa cikin shekarar 1899, mu faɗi ra'ayinmu a kan kowannensu, sa'an nan mu ba da shawara ga malaman makaranta da masu aikin harshe. In muka ce Arewa a nan, muna nufin ƙasar Arawa ta Dogondutsi. Abin da ya kai mu ga wannan aiki abu ne guda: mutanen da aka kashe a waccan shekara da Hausa suka yi kuka, da Hausa kuma jikokinsu suka riƙe labarin, amma da labarin ya hau allo sai ya fito da Julanci da Faransanci da Ingilishi.

Ya kamata mu fara tuna wa mai karatu tarihin a gajarce. Gwamnatin Faransa ta aiko da wata runduna ƙarƙashin Kaftin Paul Voulet da mataimakinsa Julien Chanoine, ɗan wani janar wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar yaƙi, domin ta ratsa daga kogin Kwara zuwa Tafkin Cadi. Turawan cikinta su tara ne kacal. Sauran duka baƙaƙen fata ne, sojoji da ƴan dako da aka kwaso daga ƙasashen yamma, Bambarawa da yawa a cikin masu riƙe da bindiga. Tun a Sansanin Hausa, bakin kogi, cikin watan Janairu 1899, suka fara kisa da ƙone-ƙone. Ran 16 ga Afrilu suka faɗa wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. An yi artabu mai tsanani, har Turawan da kansu suka rubuta cewa sun ƙona harsashi wajen 7,000, sun kuma yi asarar mutum huɗu. Sun shiga garin, amma Sarauniya da jama'arta sun shige daji, ba a kama ta ba. A watan Mayu rundunar ta iso Birnin Ƙonni, birni mai ganuwa, ta cinye shi, ta kashe dubban mutane, ta kwashi mata. A lokacin kuwa, bisa yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a watan Yuni 1898, duk abin da ke cikin mil 100 daga Sakkwato rabon Ingila ne, har da Ƙonni. Sai da aka sake shata iyaka a 1904 da 1906 birnin ya koma hannun Faransa. Da labarin ta'asar ya kai Faris aka turo Laftanan-kanar Klobb ya tsai da su. Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori, kusa da Tasawa, ran 14 ga Yuli. Kwana biyu bayan haka sojojinsu suka juya musu baya, suka kashe Chanoine, kashegari suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi.

Fim na farko daga littafi ya fito. A 1980 Abdoulaye Mamani, ɗan Sawaba wanda ya sha gudun hijira da ɗauri, ya buga littafinsa *Sarraounia* da Faransanci a Faris. Kafin wannan littafi, sunan Mangu bai wuce ƴan layuka a takardun hafsoshin Faransa ba, sai kuma abin da mutanen Arewa suke faɗi a tsakaninsu. Mamani ya ɗauki wannan ɗan abu ya gina mace jaruma, ya ba ta ƙuruciya da tarbiyya da jawabai. Akwai abin lura ga mai nazarin harshe tun daga sunan littafin. Ga Bahaushe, sarauniya muƙami ne, kuma a Lugu an yi sarauniyoyi kafin Mangu, an yi bayanta. Da kalmar ta shiga Faransanci da baƙaƙen *ou* da babban baƙi a farko sai ta zama sunan yanka na mace ɗaya, har ta dawo mana gida a haka, a jikin allunan makarantu da gidan rediyo.

Med Hondo, mutumin Muritaniya, shi ya mai da littafin fim a 1986. An shirya za a ɗauke shi a Nijar, amma shirin ya watse gab da fara aiki, zamanin mulkin Seyni Kunce, sai gwamnatin Thomas Sankara ta buɗe masa ƙofa, aka ɗauke shi a Burkina Faso. Aï Keïta, ƴar can, ita ta fito a Sarauniya. Jean-Roger Milo ya fito a Voulet, Féodor Atkine a Chanoine. A 1987 fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu. A ganinmu ya cancanta. Hondo ya san yadda ake cika faffaɗan allo da jama'a da dawaki da ƙura, kuma bai yi gaggawa ba wajen nuna yadda runduna take ruɓewa daga ciki, yadda hafsan da aka aiko da tuta yake komawa ɗan fashi mai neman sarautar kansa. Ya nuna sarakunan makwabta suna gardama ko su taimaki Sarauniya ko su bar ta da Nasara, wanda kuwa nan ne fim ɗin ya fi ciwo ga mai kallo ɗan ƙasa. Duk wanda bai taɓa ganinsa ba, shi ya kamata ya fara nema.

Amma fa sauya wurin ɗauka ya sauya harshe. Harsunan fim ɗin su ne Julanci da Fillanci da Faransanci. Sarauniyar Lugu ba ta Hausa a cikinsa. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne, tun da a silima Baƙaisare yakan yi Ingilishi ba wanda ya damu. Mu dai muna ganin a nan ya taɓa ainihin tarihin. Julanci da Bambaranci kusan harshe ɗaya ne, mai jin wannan yana jin wancan. Saboda haka a allo sojan da ya zo ƙona gari da mutumin garin bakinsu ɗaya, suna iya fahimtar juna ba tare da kowa a tsakani ba. A 1899 kuwa ba haka abin yake ba. Baturen yana ba da umurni da Faransanci, sajansa ya juya da Bambaranci, sa'an nan tafinta ko ja-gora da aka kamo a hanya ya isar da abin da ya ga dama ga mai gari da Hausa. Dattijon da aka tambaya hatsi ko rijiya ko hanya, ransa yana rataye a bakin mutumin da shi ma tsoro ya cika shi. Wannan katanga ta harshe tana cikin abin da ya sauƙaƙa wa baƙin fata kashe baƙin fata, fim ɗin kuwa ya rushe ta ba da gangan ba. Abin mamaki, Hondo, wanda ya rasu a 2019, da sana'ar ɗora murya ya ci abinci shekara da shekaru a Faransa: shi ne muryar Eddie Murphy a finafinan Amurka da aka juya zuwa Faransanci.

Mun taɓa nuna fim ɗin ga wasu ɗalibai, cikinsu akwai ƴan Ƙonni da Malbaza da Illela. Duk tsawonsa idonsu yana ƙasan allo suna bin rubutun fassara na Faransanci, su ji abin da kakarsu take cewa. Iyayensu da ba su shiga lakwal ba, ko wannan hanya ba su da ita.

Fim na biyu ba za mu daɗe a kansa ba. *Capitaines des ténèbres* na Serge Moati, wanda ya yi aiki a talabijin ɗin makaranta ta Nijar yana saurayi, an yi shi ne domin talabijin ɗin Faransa. Damuwarsa hafsoshin ne, da yadda suka lalace, da abin da wannan yake nufi ga Faransa. Yana da amfani ga malamin tarihi mai son nuna wa ɗalibai yadda Faransawa suke kallon abin, amma mutanen ƙasa a cikinsa inuwa ce a bayan Turawa.

Na uku shi ne *African Apocalypse* na Rob Lemkin, wanda aka fara nunawa a bikin finafinai na London a 2020. Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne. Wani saurayi mawaƙi, Femi Nylander, ɗan Ingila mai asali da Nijeriya, shi ya bi sawun Voulet a mota tare da abokan tafiya ƴan Nijar, cikinsu har da Amina Weira, wadda ita ma mai shirya finafinai ce, suna tsayawa gari gari suna jin ta bakin mutane. A nan ne aka ji dattawa da mata suna ba da labarin da Hausarsu, abin da kakanninsu suka gaya musu, har da mutanen Ƙonni. Wannan babban abu ne, domin littafin Mamani da fim ɗin Hondo sun sa Lugu ta shahara, alhali kisan da ya fi yawa a Ƙonni aka yi shi. Silima tana son jarumi mai suna, Ƙonni kuwa gawawwaki ta bari da ramukan da aka zuba su. Inda muke da ja da fim ɗin shi ne yadda aka ɗaure labarin a jikin littafin Joseph Conrad, *Heart of Darkness*, wanda ya fara fitowa a wata mujallar Ingila a wannan shekara ta 1899, da kuma yawan lokacin da aka ɓata a kan halin da zuciyar baƙon take ciki. Sau da yawa mai kallo yakan so a bar tsohon da ke magana ya ƙarasa. Duk da haka masu fim ɗin sun yi abin da na farkon biyu ba su yi ba: sun juya shi zuwa Hausa daga baya, aka nuna shi ga Hausawa a Nijar da Nijeriya. In malami yana da lokacin fim biyu, to, ya fara da na Hondo, ya biyo da wannan.

Kada a ce a wancan zamani ba a iya yin babban fim na tarihi da Hausa. Shekara 10 kafin *Sarraounia*, watau a 1976, Adamu Halilu ya yi *Shaihu Umar* daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa tsantsa. An gyara shi aka sake nuna shi a Balin a 2018. Tun daga *Turmin Danya* na 1990 kuma Kano ta zama cibiyar finafinan Hausa, daga bisani samarinta suka ƙware wajen ɗora muryar Hausa a finafinan Indiya. Ma'aikata suna nan ke nan. Shawararmu ita ce hukumomin al'adu da na harsunan ƙasa su nemi izini daga masu haƙƙin fim ɗin Hondo a ɗora masa murya, da sharaɗi biyu.

Sharaɗi na farko, kada a juya kowa da kowa. A bar wa hafsoshi Faransancinsu, a bar wa sojoji Julancinsu, a sa Hausa a bakin Sarauniya da jama'arta da makwabtanta kaɗai. Ta haka katangar da muka ambata za ta koma wurinta, mai kallo Bahaushe ya ji baƙon a matsayin baƙo.

Na biyu ya fi wuya, shi ne wace Hausa. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, kuma ita muke rubutu da ita a nan. Amma mutumin Lugu ko na Ƙonni ko na Illelar Adar, haka ma na Illelar da ke ƙetaren iyaka cikin jihar Sakkwato, ba ya cewa "da suka zo", sai "da sunka zo". Yana cewa "hwaɗa" inda Bakano yake cewa "faɗa", "wanga" inda yake cewa "wannan", "shi yat tahi" inda yake cewa "shi ya tafi". Turawan da suka rubuta *Doutchi* da *tch* abin da kunnensu ya ji suka rubuta. Wannan kari ba ɓoyayye ba ne ga masu bincike, Bernard Caron ya yi cikakken littafi a kan Hausar Adar a 1991, kuma Hausawan ko'ina sun saba jin irinsa a bakin makaɗan ƙasar Sakkwato. Sarauniya mai Kananci za ta zama baƙuwa a gidanta karo na biyu.

Kalmar da za ta fi ba mai fassara wahala ita ce sunan jama'ar Sarauniya. A takardun Faransanci *Azna* ake rubutawa. A Adar ana jin "azna" ana kuma jin "anna", a Kano "arna". Kalma ɗaya ce ta fuskar asali, amma nauyinta ya bambanta. A Kano zagi ce, ko kusa da zagi. A Arewa da Adar tana kuma nufin ƴan ƙasa na farko, waɗanda suka sari daji, masu riƙe da al'adun noma da farauta, irin na Masalata kusa da Ƙonni waɗanda aka sani da arwa, ko na Lugu masu dutsen shari'a Tunguma. Nicole Echard da Djibo Hamani, waɗanda duka biyu suka fitar da littattafansu kan tarihin Adar a 1975, sun nuna yadda waɗannan gidaje suka zauna tare da masu sarauta da malamai, kowa da aikinsa. Saboda haka a bakin Sarauniya da mutanenta "azna" ya kamata a sa, a ajiye "arna" domin bakin maƙiyanta in suna aibata ta a fada. Wanda zai yi wannan aiki sai ya zauna da dattawan Lugu da na Masalata tukuna, ya karanta musu jawaban ɗaya bayan ɗaya, su gyara masa kafin a shiga ɗakin ɗaukar murya.