Yadda noma ke shafar ruwan rijiya a yankin Dayi

Dayi gari ne a Ƙaramar Hukumar Malumfashi ta Jihar Katsina, cikin yankin noman masara da dawa da auduga da ya miƙa har Funtuwa. Ƙarƙashin ƙasar yankin dutse ne, don haka ruwan da rijiyoyi ke samu yana kwance ne cikin marmara da tsagogin dutse, ba da zurfi ba. Ruwan sama ke ciko shi duk damina, kuma abin da ya narke a gona yana iya biyo shi.

Amfani da takin zamani ya yaɗu a yankin bayan Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya. Yuriya da NPK suna ɗauke da sinadarin naitirojin, wanda ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ke mayarwa naitiret. Shi kuwa naitiret ba ya manne wa ƙasa: abin da shuka ba ta sha ba, ruwan Agusta zai gangara da shi. Juji da turken dabbobi da masai su ma suna ƙara shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitiret a kowace lita ta ruwan sha, haka ma ƙa'idar Najeriya. Jarirai ne suka fi shiga haɗari, domin yana rage wa jininsu ƙarfin ɗaukar iskar oksijin. Ba shi da launi ko wari, kuma tafasa ruwa ba ta kawar da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi.

Maganin ciyawa na Atrazine, da ake fesa wa gonar masara, yana daɗewa cikin ruwan ƙasa. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da shi a 2004.

Ana rage haɗarin ta hanyar raba taki kashi biyu ko uku, a riƙa binne shi a gindin shuka. A nisanta rijiya da masai da turke aƙalla mita 30, a ɗaure bakinta da siminti, a yi mata murfi. Kada a wanke famfon feshi kusa da ita. Gwaji ne kaɗai ke nuna yawan naitiret, kuma ƙarshen damina ya fi dacewa da shi.