Kayan Hawa da Hanyar Fatake: Abin da Lifidi, Sulke da Jar Fata Suke Tuna Mana

Duk shekara idan ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo, mukan keɓe shafi guda mu waiwayi tarihin sana'ar da ta haɗa mu. Bana mun ɗauki zancen kayan hawa: lifidi, sulke, kwalkwali, sirdi da sauran adon doki da mahayinsa. Mafi yawanmu muna ganinsu ne ranar Sallah kawai, a Kano ko Katsina, a Damagaram ko Maraɗi, a Garwa ko Rai Buba. Mukan yi kallo, mu ɗauki hoto a waya, mu koma shago. Amma kusan duk abin da ke jikin mahayin nan, wani bafatake ne ya fara kawo shi ko ya fara fitar da shi, kuma hanyoyin da ya bi su ne motocinmu suke bi a yau.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke cikin rundunar Kano. Littafin ya kuma ce a zamanin Abdullahi Burja, wajen 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro, wadda take arewacin Gana ta yau. Bayansu Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kawo kakaki da figini da takalman gashin jimina. Duk wanda ya jera waɗannan labarai zai ga cewa kayan yaƙi da kayan sarauta sun bunƙasa ne a daidai lokacin da hanyoyin fatauci suke buɗewa. Sarki ba ya samun sulke sai ayari ya iso, ayari kuma ba ya tasowa sai an tsare masa hanya.

Mu fara da lifidi, domin shi ne aikin gida. Ana ɗinka ƙyalle biyu, a cusa audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru waje ɗaya. Ana yi wa mahayi nasa, a yi wa doki nasa, ya rufe shi daga wuya har kusan gwiwa. Kibiya mai dafi ita ce babbar barazana ga mayaƙin wancan zamani, lifidi kuwa yakan shanye ƙarfinta kafin ta taɓa fata. Yana da nasa aibin. Nauyinsa da zafinsa sukan gajiyar da doki, ɗan lifida in ya faɗi da wuya ya tashi sai an taimake shi, kuma abokan gaba sukan harba kibiya mai wuta don audugar ta kama. Duk da haka an yi amfani da shi daga ƙasar Hausa har Barno, Bagarmi, Adamawa da Sudan. Littafin tafiyar Denham da Clapperton, wanda aka buga a 1826, yana ɗauke da zanen wani barden Bagarmi, shi da dokinsa cikin lifidi. Wanda ya san hawan Sallah, da ganin zanen zai gane kayan.

Sulke kuwa mafi yawansa baƙo ne. Rigar sulke ɗaya tana cin dubban zobba na ƙarfe, kowane zobe yana sarƙe da huɗu. Mai kyau shi ne wanda aka daddale bakin kowane zobe aka soke shi da 'yar ƙusa, domin wanda aka haɗa bakinsa kawai ba tare da ƙusa ba yakan buɗe idan mashi ya same shi. Irin wannan aiki yana cin watanni, shi ya sa sulke ya zama kayan sarakuna da manyan bayinsu. Ya shigo mana ta hamada, daga Masar da Tarabulus, da kuma ta hanyar alhazai wadda ta ratsa Darfur da Wadai. A 1823, lokacin da Denham ya iso kusa da Kukawa, ya ga dakarun Shehu Laminu sanye da sulke tun daga wuya har gwiwa. Takobi ma haka yake. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa ruwan takubban da ake sayarwa a kasuwa daga Solingen ta Jamus ake kawo su, a nan ne ake yi musu ƙota da kube, sannan a sake sayar da su ga Buzaye da sauran maƙwabta. Ƙarfen na Turai, kuben na dukawanmu, ribar ta fatake.

Akwai gaskiya mai ɗaci da ya kamata mu faɗa a nan. Dawaki da sulke da takubba ba da fata da tufafi kaɗai aka biya su ba. An biya da bayi, mutane irinmu, waɗanda aka kamo da waɗannan dawaki aka kuma sayar don a sayo wasu. Littafin tarihin Kano kansa bai ɓoye wannan ba. Idan muna alfahari da juriyar fataken da, dole mu riƙe wannan ɓangare tare da shi, musamman a yau da har yanzu ake safarar 'ya'yan mutane ta Agadas zuwa Libiya.

Abin da muka fi fitarwa da hannunmu shi ne fata da tufa. Tun farkon ƙarni na 16, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya rubuta cewa a Gobir ana ɗinka takalma ana kai su Tambutu da Gawo. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana da laushi da ƙarfi da kyawun ido. Majema sukan jiƙa ta a ruwan toka don gashi ya saki, su kankare ta, su jeme ta da bagaruwa, su shafe ta da mai. Jan launi daga karan dafi yake fitowa, baƙi daga kashin maƙera, rawaya daga gangamau. Raƙuma suka riƙa ɗaukar ta zuwa gaɓar Bahar Rum, daga can ta shiga Turai, inda masu ɗaure littattafai suka san ta da sunan fatar Maroko. Sunan ya tafi ga tashar da aka yi lodi, ba ga wanda ya jeme ba, kuma wannan darasi ne da ɗan kasuwa bai kamata ya manta ba.

A ɓangaren tufa, Barth ya ƙiyasta cewa kayan raƙumi 300 na tufafin Kano suke zuwa Tambutu kowace shekara. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, da marinan Kura, su suka riƙa ba Buzaye turkuɗi da rawani mai shuni. Alharini mai ruwan ja da ake yi wa babbar riga ado da shi ta Tarabulus yake zuwa, tsamiya kuwa tamu ce. Ta kudu, fataken goro sun kai Salaga tufafi da kanwa da kayan fata. Bowdich, wanda ya je Kumasi a 1817, ya ga manyan mayaƙan Asante da riguna cike da layu a cikin kube, waɗanda malaman arewa suka rubuta. Batakarin da Sarkin Asante yake sawa a manyan bukukuwa har yau yana ɗauke da wannan alama.

Cikin 'yan shekaru kaɗan wannan duniya ta juya. A 1898 bindiga mai ruwa ta karya rundunar Mahadi a Omdurman. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, aka kashe Rabe a Kusuri a 1900, Jamusawa suka ci Marwa a 1902, Ingilishi suka shiga Kano da Sakkwato a 1903. Lifidi da sulke ba su tare harsashi. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906 suka ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi, tsakanin Daura da Damagaram. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da Italiya ta afka wa Tarabulus, sai fata ta koma bin hanyar Ikko, ayarin hamada ya yi ta raguwa.

Abin da ya ceci kayan hawa shi ne hawan kansa. Yaƙi ya ƙare, amma sarki bai daina fita Idi ba, hakimai ba su daina jafi ba. Turawa ma suka ga amfanin abin, suka riƙa shirya daba, har da wadda aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. An sake yin gagarumar daba a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977, kuma a Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Saboda haka badukun da ke ɗinka jalala da ragama, da maƙerin da ke ƙera likkafa da linzami, da mai ɗinkin alkyabba, duk suka ci gaba da samun aiki.

Yana da kyau mu kwatanta da abin da ake yi a Turai. A can akwai ƙungiyoyin masu kwaikwayon tarihi, waɗanda sukan taru su sake nuna yaƙin Hastings na 1066 a Ingila, ko na Grunwald na 1410 a Folan. Sana'ar yin kayan ta mutu a wajensu ƙarnoni da suka wuce, sai da suka koma gidajen tarihi da tsofaffin zane-zane suka koyo ta daga farko. Masu tsanani cikinsu ba sa yarda da roba ko zif ko fatar da aka jeme da sinadarin kamfani, sai wadda aka jeme da itace, kuma sulken da yawancinsu suke sawa a Indiya ake ƙera shi. Abin da suke nema da kuɗi da wahala, mu muna da shi a raye, a hannun mutanen da suka gaje shi daga iyayensu.

Sai dai wannan gado yana zubewa muna kallo. Kowa ya leƙa rumfunan kayan doki ya san yadda fatar roba da zaren leda da ƙyallen waje suke maye gurbin na gida, domin sun fi araha kuma ba sa cin lokaci. Fata mai kyau tana tafiya manyan kamfanoni, a yi mata rabin jima a fitar da ita Italiya da Sifen, ta dawo mana a jaka da takalmi masu sunan wasu. Fatar shanu da yawa tana ƙarewa a tukunya a matsayin ganda. Yaran majema da dukawa suna barin gidan sana'a su kama acaɓa. Warwajin da ake yin garkuwa da fatarsa ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mayar da shi Cadi. Ga kuma rufe iyaka: wadda Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Duk lokacin da aka rufe Jibiya ko Illela ko Maigatari, majemin da ke wannan gefe yakan rasa fata, badukun da ke wancan gefe ya rasa mai saye.

Akwai kuma wata ɓarna wadda ta fi kusa da mu. Dillalan kayan tarihi suna bin gidajen sarauta da suka talauce suna sayen tsohon sulke da takobi da kwalkwali, kuma ba su da hanyar fitar da su sai cikin lodin ɗan kasuwa. Dokar Nijeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, akwai kuma yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan wannan batu. Ko babu doka, sulken da ya shekara ɗaruruwa in ya fita ba ya dawowa, kuma da shi ne maƙerin gobe zai ga yadda ake soke zobe.

Me ke hannunmu? Na farko, kowane reshe ya rubuta sunayen majema, dukawa, marina, maƙera da masu ɗinkin lifidi da suka rage a yankinsa, a haɗa a ofishin ƙungiya, don mai nema a Kumasi ko Injamena ya san inda zai samu. Na biyu, masu hali cikinmu su riƙa ba da aiki da kafin alƙalami watanni kafin Sallah, domin aikin hannu ba ya son gaggawa, kuma rashin jari ne yake tura baduku ga roba. Na uku, mu sayar da gaskiya: jimar bagaruwa a kira ta da sunanta da sunan garin da aka yi ta, roba a ce roba ce. Na huɗu, mu yi wa mahauta da masu layya nasiha kan fiɗa, domin yanka ɗaya na wuƙa yana karya darajar fata. Na biyar, kada ɗayanmu ya ɗauki tsohon kayan fada a motarsa. Mai son sulke ko takobi a ƙera masa sabo, a ba shi takardar da ke nuna sabo ne, mai sana'a ya samu, gidan sarauta ya riƙe nasa.

Madugan da suka gabace mu sun yi wata da watanni a hanya, sun biya kuɗin fito da na zango, sun haɗa Salaga da Kano, Kano da Agadas, Kukawa da Masar, ba su da waya ba su da banki. Mu da muke da duka biyun ba mu da uzurin barin sana'ar da ta ɗaukaka sunan ƙasashenmu ta mutu a zamaninmu. Muna roƙon shugabannin rassa su kawo rahoton masu sana'ar yankinsu a babban taro mai zuwa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare mana hanya, ya sa albarka a cikin nemanmu, ya maimaita mana.