Taƙaitaccen Tarihin Kafuwar Garin Wurno

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a wannan rana mai albarka da ake aza harsashin masallacinmu, mun ga ya dace mu tunatar da jama'a asalin garin da za a gina shi a cikinsa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, Allah ya yarda da su, shi ne ya kafa Wurno wajen shekarar 1830. An yi masa mubaya'a a 1817 bayan rasuwar Shehu, amma ƙasa ba ta kwanta ba. Ko da yake an ci Alƙalawa tun 1808, Gobirawa da Azbinawa ba su daina kawo hari daga arewa da gabas ba. Saboda haka ya zaɓi wannan tudu da ke kallon fadamar Gulbin Rima, arewa maso gabas da Sakkwato, ya mai da shi ribaɗi.

Ribaɗi shi ne garin da ake kafawa a bakin iyaka domin tsaron Musulmi, kuma zama a cikinsa ibada ne. Ƙa'idar Bello ita ce a kewaye irin wannan gari da ganuwa, a gina masallaci, a naɗa liman da alƙali, a ajiye malamin da zai karantar da yara, sa'an nan a zaunar da makiyaya da manoma da masu sana'a. Ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kan sauran garuruwan ribaɗi, Wurno kuwa ya zauna da kansa. Wazirinsa Giɗaɗo ɗan Laima da maiɗakinsa Nana Asma'u 'yar Shehu su ma suna da gida a nan.

A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Allah ya ba shi nasara a kan taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa. A shekara ta 1253 bayan Hijira, wato 1837, ya rasu a Wurno, aka rufe shi a nan. Hubbarensa yana nan ana ziyara. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma nan ya riƙa zama, kuma a zamaninsa ne Baturen Jamus, Barth, mai laƙabin Abdulkarim, ya sauka a garin a 1853.

To, 'yan'uwa Musulmi, mutanen farko sun gina masallaci suna cikin tsoron hari, wasu na kwaɓa ƙasa, wasu na gadin ƙofa. Mu da muka gaji fadamarsu muna noman shinkafa da albasa da tafarnuwa ba mu da uzurin barin wannan gini ya tsaya a harsashi. Mai kuɗi ya kawo kuɗinsa, mai ƙarfi ya kawo ƙarfinsa, mai yashi ko dutse ya kawo, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya nuna mana ranar buɗe wannan masallaci, ya raya shi da salla da karatu. Amin.